Dashen haƙori: da gaske ne in an dasa an gama?

Abu_Mabera
Assalamu alaikum jama'a. Magana ce ke yawo cikin gari kan dashen haƙori, wanda ake kafa kusar ƙarfe cikin ƙashin muƙamuƙi a ɗora haƙori a kai. Ana cewa ƙarfe ne, tsutsa ba ta cin sa, ba ya ruɓewa, in an dasa an gama har ƙarshen rayuwa. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne, wani sai ya sayar da kadara kafin ya yi. Masana da ke cikinmu, haka abin yake? In kuwa yana lalacewa, me ke lalata shi?

Likita_Arkilla
Wa alaikumus salam, Malam Abu. Rabin maganar gaskiya ne. Kusar ta titaniyom ce, ba ta ruɓewa, ba ta kogo. Amma ba ita ke riƙe da kanta ba, ƙashi ne ke riƙe da ita, dasashi kuma shi ke rufe ƙashin. Su biyun nan suna kamuwa da cuta.

Dashen kashi uku ne. Akwai kusar da ke cikin ƙashi, kaurinta yawanci milimita 3.5 zuwa 5, tsawonta 8 zuwa 13. Akwai mahaɗi, wanda ake ɗaurewa a kanta ya ratso dasashi ya fito. Sai hular haƙorin da ake gani a baki. Inda mahaɗin ya ratsa dasashi, nan ne ƙofar matsala. Haƙorin da Allah ya halitta yana da wasu siraran jijiyoyi da suka soke cikin saiwarsa suka ɗaure ta da ƙashi da dasashi, kuma jini na bi ta cikinsu. Kusa ba ta da su. Dasashi yana zagaye ta ne kawai ya manne, jinin da ke zuwa wurin ma bai kai na haƙori ba. Shi ya sa in ƙwayoyin cuta suka sami hanya, sukan gangara zuwa ƙashi da sauri fiye da yadda suke yi a haƙorin asali.

Dangane da daɗewa, binciken da aka bi mutane shekara 10 ya nuna kusan 95 cikin 100 na dashen suna nan a baki. Mutumin farko da Farfesa Brånemark ya yi wa dashe a Suwidin a 1965 ya rasu a 2006 da nasa a baki. Ke nan yana iya daɗewa ƙwarai. Sai dai dashe ya kasance a baki daban, ya kasance lafiya lau daban.

Ummu_Sadiq
Wannan jimla ta ƙarshe ta Likita ita ce ya kamata a riƙe. Wani bita da aka yi a 2015, wanda ya tattaro bincike da dama, ya sami kusan 43 cikin 100 na masu dashe da kumburin dasashi a gefen dashen, kusan 22 cikin 100 kuma ƙashinsu ya riga ya fara zaizayewa. Duk waɗannan ana ƙirga nasu cikin dashen da bai faɗi ba.

Mataki biyu ne. Na farko, dasashin ya yi ja, ya ɗan kumbura, yana jini in an taɓa, amma ƙashi na nan. Wannan yana warkewa sarai in an wanke wurin aka gyara yadda ake goge baki. Na biyu, ƙashin ya fara janyewa daga jikin kusar, ramin da ke tsakanin dasashi da kusar ya yi zurfi, wani lokaci da mugunya. Wannan ba ya komawa yadda yake, iyaka a tsayar da shi. Duk aikinmu na masu wankin haƙori shi ne kada na farko ya zama na biyu.

DanGagi77
To ai mutum zai ji zafi ya je asibiti tun da wuri.

Ummu_Sadiq
A'a ɗan'uwa, nan ne mutane ke yaudaruwa. Yawanci ba ya zafi. Kusa ba ta da jijiyar jin ciwo. Mutum na iya rasa rabin ƙashin da ke riƙe da ita yana taunar tuwo da nama bai ji komai ba. Kuma ba ta girgiɗi sai a ƙarshe, domin ko ɗan ƙashin da ya rage a gindinta ya isa ya riƙe ta kyam. Abin da za a lura da shi: jini a burushi ko a aswaki, ɗanɗano mara daɗi ko wari daga wuri ɗaya, dasashi ya janye har ƙarfe ya fara bayyana, ko a danna da yatsa wani farin ruwa ya fito.

Bello_RunjinSambo
Likita, ranka shi daɗe, wagga magana ta kai ni ga wata tambaya. Mutanenmu da yawa ba kogo ya cire musu haƙora ba, girgiɗi suka yi suka zube da kansu. Irin wanga mutum ana yi mai dashe?

Likita_Arkilla
Ana yi, Malam Bello, amma ba a ranar da ya zo ba. Haƙorin da ya yi girgiɗi ya faɗi, ciwon dasashi ne ya cinye ƙashinsa. Ƙwayoyin cutar da suka yi wannan aiki suna nan a ramukan sauran haƙoran, kuma za su koma kan kusar. Wanda ya taɓa yin wannan ciwo yana cikin waɗanda dashensu ya fi saurin samun matsala, wannan babu jayayya a kai.

Ga yadda ya kamata a bi. A auna dasashin kowane haƙori da siririn ma'auni, wuri shida a kowane haƙori, a rubuta. Lafiyayye milimita 1 zuwa 3 ne, ba jini. A wanke dattin da ya daskare, na sama da na ƙarƙashin dasashi, a cire haƙoran da ba su da makoma. A koya wa mutum goge baki, a ba shi mako 6 zuwa 8, ya dawo a sake aunawa. In har yanzu akwai ramuka masu zurfin milimita 5 ko 6 suna jini, ba a kai ga dashe ba, a ci gaba da magani. Duk wanda ya duba giɓin kawai, bai duba sauran bakin ba, ya ce a zo gobe a dasa, ina ba da shawara a nemi ra'ayin wani likitan.

MaiHoto_GawonNama
Bari in ƙara ta ɓangaren hoto. Kafin aiki ana son hoton da ke nuna faɗin ƙashi, ba tsawonsa kaɗai ba, wato CBCT. Ƙaramin hoton da aka saba ɗauka ba ya nuna kauri. A muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da ke ba leɓe ji, ana barin aƙalla milimita 2 tsakaninta da bakin kusa. In aka taɓa ta leɓe ya mutu, wani lokaci na dindindin. A sama kuma, wajen turame, akwai kogon iska na gefen hanci, in ƙashin bai kai ba sai an ɗaga shimfiɗarsa an ƙara ƙashi.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne hoton ranar da aka ɗora hula. Shi ne ma'aunin da za a riƙa komawa gare shi. Ba tare da shi ba, in an ɗauki hoto bayan shekara biyar babu mai iya cewa ƙashin ya ragu ne ko dama can haka yake. Tsohon ma'aunin da aka kafa a 1986 ya ce bayan shekarar farko kada raguwar ta wuce milimita 0.2 a shekara. Taron masana da aka yi a Shikago a 2017 ya ce in babu hoton farko, to rami mai zurfin milimita 6 ko fiye, da jini ko mugunya, da ƙashin da ya sauka milimita 3 ko fiye, shi ake ɗauka a matsayin cutar ta kama. Mutum ya karɓi hotonsa ya ajiye, ko a waya ne.

Nas_Minanata
Ba a yi maganar ciwon suga ba, alhali ya yi yawa a gidajenmu. Gwajin yatsa na safe bai wadatar ba, domin na ranar kawai yake nunawa. A yi HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya kasance cikin wata uku. Ƙasa da 7 ana aiki cikin natsuwa. In ya haura 8 yawancin likitoci sukan dakata sai ya sauko. Suga mai yawa yana jinkirta warkewar rauni, yana rage ƙarfin garkuwar jiki, ga bushewar baki. Kuma abin yana tafiya ta ɓangare biyu, ciwon dasashi ma yana sa suga ya ƙi sauka.

Famasis_Kware
Ga kuma magunguna. Duk mai shan maganin ƙarfafa ƙashi irin su alendronet, musamman wanda aka yi wa allurar zoledronet saboda ciwon daji, dole ya faɗa kafin a taɓa muƙamuƙinsa, domin ƙashin na iya ƙin warkewa ya mutu. Haka wanda aka taɓa gasa wa daji a kai ko wuya. Masu shan maganin tsinka jini su faɗa, amma kada su daina da kansu. Wasu magungunan hawan jini, kamar amlodifin da nifedifin, suna sa dasashin wasu mutane ya yi kauri ya hau kan haƙori, wanki ya yi wuya. Ba dalilin daina magani ba ne, dalilin sanar da likitan haƙori ne.

DanGagi77
Taba fa? Wasu na cewa shisha ba ta kai sigari ba.

Likita_Arkilla
Mai shan sigari dashensa ya fi faɗuwa kusan ninki biyu a kan na wanda ba ya sha. Hayaƙin yana matse ƙananan hanyoyin jini na dasashi, warkewa ta yi jinkiri. Wani abin da ya fi damuna shi ne yana ɓoye jinin da zai zama gargaɗi, dasashi ya yi fari-fari kamar lafiyayye alhali ƙashi na tafiya a ƙasa. Shisha hayaƙin taba ce, ba ta da wani uzuri. Mai sa garin taba a leɓe kuwa yana ɗora ta ne kai tsaye a kan naman da muke so ya rayu. Mafi ƙaranci a daina mako ɗaya kafin aiki da mako takwas bayansa, amma wanda ya koma sha ya koma cikin haɗarin.

MalamSani_Tambuwal
Ni ban yarda a ɗora komai a kan majinyaci ba. Duk abin da aka lissafa, bai goge baki ba, yana shan taba, yana da suga. Shi mai aikin ba ya kuskure?

MaiƘeraHaƙora
Yana yi, Malam, kuma kun taɓo wuri mai muhimmanci. Na ɗaya, wurin da aka kafa kusar. Ana son milimita 1.5 tsakaninta da haƙorin da ke gefe, milimita 3 tsakanin kusa da kusa, da ƙashi mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2 ta gefen leɓe. In aka tura ta waje da yawa, ɓawon ƙashin nan ya narke, dasashi ya janye, zaren kusar, wato murɗaɗɗen layin da ke zagaye jikinta, ya fito fili. Saman zaren kuwa da gangan aka yi shi da kaushi don ƙashi ya kama, to datti ma haka yake kama shi, burushi ba ya fitar da shi.

Na biyu, zafi lokacin huda ƙashi. In ƙashi ya kai digiri 47 na tsawon minti ɗaya ya ƙone, ba zai kama kusar ba. Shi ya sa ake huda a hankali, daga siririn baki zuwa mai kauri, ana zuba ruwan gishiri na asibiti ba yankewa.

Na uku, wanda ya shafi ɓangarenmu, siminti. Hula iri biyu ce, wadda ake ɗaurewa da ƙaramar kusa ta tsakiya, da wadda ake mannawa da siminti. In bakin hular ya nutse cikin dasashi sosai, ragowar simintin ya maƙale a ƙasa ba a gani, wani ma hoto ba ya nuna shi. Ya zauna nan yana tara ƙwayoyin cuta shekara da shekaru. Inda hali ya yi, ta ɗauri ta fi, domin ana kwance ta a wanke a mayar.

Na huɗu, siffar hular. In an yi mata ƙaton ciki ta rufe dasashi, ko an haɗe haƙora uku ba a bar hanyar da ɗan burushi zai ratsa ba, to komai ƙoƙarin mai ita ba zai iya wankewa ba. Kafin mutum ya bar kujera ya ce a nuna masa ta inda burushin zai shiga, ya gwada da hannunsa.

MalamSani_Tambuwal
Yawwa. Allah shi saka da alheri, wanga bayani shi nika nema.

Hajiya_TudunWada
Ina son a tsaya kan aswaki. Dattawanmu da yawa ba za su bar shi ba, kuma bai kamata a ce su bari ba.

Ummu_Sadiq
Ba wanda zai ce a bari, Hajiya. Aswaki yana wanke fuskar haƙori da kyau in bakinsa ya yi laushi kuma ana yanke shi a kai a kai. Inda ba ya kaiwa shi ne tsakanin haƙora da ƙarƙashin cikin hula, nan kuwa cutar ke farawa. Don haka a haɗa. Burushi mai laushi da man goge baki sau biyu a rana, minti biyu, a karkata gashinsa zuwa inda hula ta haɗu da dasashi. Sai ɗan siririn burushin tsakanin haƙora sau ɗaya a rana, gara da dare, a zaɓi wanda aka lulluɓe wayarsa da roba don kada ya karce ƙarfen. Girmansa ya cika gurbin ba tare da an tura da ƙarfi ba. In zaren kusa ya riga ya fito, a bar amfani da zaren sakace a wurin, yakan tsinke ya bar burbushi a maƙale.

Gawayi, toka da gishiri, a raba su da dashe. Suna karce hula suna sa dasashi ya janye. Tsinken sakace da allura da kan ashana ma haka.

Famasis_Kware
A kan ruwan kurkure baki: kuloheksidin 0.12 ko 0.2 cikin ɗari, sau biyu a rana, mako ɗaya zuwa biyu bayan aiki ko lokacin kumburi. Ba na kullum ba ne, yana rina haƙora da harshe, balle ga mai shan shayi da cin goro. A bar rabin awa tsakaninsa da man goge baki. Sannan sayen amoksisilin da metronidazol a kemis duk lokacin da wurin ya kumbura ba ya warkar da komai. Mugunyar ta lafa na mako biyu, dattin da ke jikin kusar na nan, ƙashin na ci gaba da tafiya.

Bello_RunjinSambo
Mu da ke Sakkwato mun san ƙarshen ciwon dasashi in aka yi sakaci. Asibitin Noma na yara yana nan garin tun 1999, kuma cutar noma, mai cin baki da fuska, daga kumburin dasashi take farawa.

Nas_Minanata
Haka ne, amma a bambance. Noma tana kama ƙananan yara ne, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6, masu fama da tamowa ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda, kuma cikin kwanaki take cin fuska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023. Abin da ke cin ƙashin dashe a babba daban ne, a hankali yake tafiya. Inda suka haɗu shi ne jinin dasashi ba abin rainawa ba ne, a yaro ko a babba.

Alhaji_Kasuwa
A dawo kan dashe. Da yawa suna yin nasu a Masar ko Indiya ko Dubai, su dawo gida. In ya sami matsala nan fa?

MaiƘeraHaƙora
Nan ake shan wuya, Alhaji. Kamfanonin kusa suna da yawa, Straumann, Nobel Biocare, Osstem da sauransu, kowanne da irin mahaɗinsa da abin kwance shi. In ba a san wace iri ce a bakin mutum ba, ko ɗaure hular da ta saki sai ya gagara. Kafin a baro can a karɓi takarda mai sunan kamfani, samfurin kusar, kaurinta da tsawonta, lambarta, ranar da aka dasa, da ko hular ta siminti ce ko ta ɗauri. Yawanci akwai 'yar takardar manni da ke zuwa cikin kwalin kusar, ita za a ce a ba da.

Kuma a yi hattara da gaggawar tafiya. Ƙashi yana buƙatar lokaci kafin ya kama kusa, a al'ada kamar wata uku a ƙasa, har zuwa wata shida a sama, ya fi haka in an yi ƙarin ƙashi. Ana iya ɗora haƙori a ranar in kusar ta kafu da ƙarfi sosai, amma na wucin gadi ne, ba a tauna abu mai tauri da shi. A shawarci likitan haƙori na nan gida tun kafin a tafi, a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko wani wuri mai rajista, ya duba dasashi, kuma a san wanda zai ci gaba da bibiya.

Likita_Arkilla
Bibiyar ita ce duk wata 6 ga wanda bakinsa ke lafiya, duk wata 3 zuwa 4 ga wanda ya taɓa ciwon dasashi, mai suga ko mai shan taba. A kowane zuwa a auna ramin gefen dashe da hannu mara nauyi, a duba jini, a wanke, a duba cizo. Hoto bayan shekara ɗaya, daga nan sai in awo ya nuna canji.

Maganar cizo kuma, haƙorin asali yana ɗan motsawa, yana sanar da mutum cewa abin nan ya yi tauri. Dashe ba ya yi. Fasa ƙashi, ƙanƙara, ƙwallon dabino, busasshiyar aya, ɓare rake da haƙori, buɗe kwalba, duk suna fasa hula ko su kwance ƙaramar kusar ciki. Mai cizon haƙora cikin barci a yi masa robar kwana.

In an ji haƙorin yana motsi, kada a jira, kada kuma a yanke ƙauna. Sau da yawa ƙaramar kusar ce ta saki, a ɗaure ta da ma'aunin ƙarfi a wuce wurin. In aka bar ta tana motsi takan karye a ciki, kuma datti na shiga ta tsagar. In kuwa babbar kusar ce da kanta ke motsi, ta rabu da ƙashi ke nan, cirewa za a yi.

Abu_Mabera
To wanda ƙashinsa ya riga ya fara zaizayewa, shi ke nan?

Likita_Arkilla
Ya danganta da inda aka tare shi. Ana fara kwance hula a wanke, a cire siminti in akwai, a gyara siffar da ke hana wanki. In ramin ya yi zurfi, wankin sama ba ya isa, sai an buɗe dasashi an goge jikin kusar. Inda ramin ƙashin yake da bango kewaye ana iya cika shi da garin ƙashi. Inda babu bango wasu sukan goge zaren da ya fito ya yi sumul. Sakamakon ba shi da tabbas kamar na maganin haƙorin asali, kuma cutar na iya dawowa. In fiye da rabin ƙashin ya tafi, galibi cirewa ya fi, a bar wurin ya warke.

Ummu_Sadiq
A nan ni da wasu likitoci muka sha bamban, kan kaurin dasashin tun farko. Wasu na ganin in mutum na wanke baki da kyau, ko babu dasashi mai tauri a gefen dashe ba komai. Ni ina ganin in bai kai milimita 2 ba, burushi na yi wa mutum zafi a wurin, sai ya riƙa kauce masa, datti ya taru. Gara a ɗebo nama daga ganɗa a ƙara tun kafin a ɗora hula.

Likita_Arkilla
Masana ma ba su gama daidaitawa a kan wannan ba, Hajiya. Ina tare da ke a turamen ƙasa, inda naman kunci ke jan gefen dashe in an buɗe baki. A sauran wurare nakan so a fara ganin yadda mutum ke wankewa kafin a ƙara masa wata tiyatar.

Hajiya_TudunWada
Matasa fa da suka karya haƙoran gaba a hatsarin babur? Iyaye na son a dasa nan take.

MaiHoto_GawonNama
Sai muƙamuƙi ya gama girma, Hajiya, kusan shekara 18 ko sama, maza sukan wuce haka. Kusa ba ta tafiya tare da ƙashi in yana girma, sauran haƙora su sauko ita ta tsaya, bayan 'yan shekaru haƙorin ya zama gajere. Kafin lokacin a sa na roba mai cirewa ko gadar manni. Amma a je a duba da wuri, domin bayan an rasa haƙori faɗin ƙashin wurin na iya raguwa har kusan rabi cikin shekara ɗaya, mafi yawa a wata ukun farko. In haƙorin ya fita ɗungurungum da saiwarsa, a riƙe shi ta kansa ba ta saiwar ba, a sa cikin madara, a kai yaron asibiti cikin awa ɗaya, ana iya mayar da nasa.